Dashen Ɓargo Don Sankarar Mama: Maganin Da Aka Yi Wa Guɗa Kafin A Auna Shi

Bayan sallar isha'i ɗan baffana ya same ni a ƙofar gida, nan unguwar Zariya ta Maradi. Bai bari mun gama gaisawa ba ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Yaya, karanta mini wannan, ka faɗa mini gaskiya tsakaninka da Allah." Saƙo ne ta WhatsApp, da Faransanci, daga wani mai yi wa asibitocin ƙasashen waje dillancin marasa lafiya. Ga hoton gini mai gilasai, ga hoton wata mata tana murmushi, a ƙasa kuma jerin kuɗi da dalar Amurka. Abin da ake tallatawa shi ne shimiyo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, mai ƙarfin gaske, a bi shi da dashen ɓargo. Wadda ake nema wa maganin yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda aka cire wa nonon hagu shekara biyu da suka wuce, yanzu kuma ciwon ya ɓulla a ƙashin bayanta da ƙugu. Ya ce ya riga ya sa dillali ya nemo mai sayen filinsa na hanyar Ɗan Isa, in kuɗin bai kai ba gonar gado ta bi baya.

Na daɗe ina juya wayar a hannu. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, ba ni kuma da bakin ganin laifinsa. Sai dai wannan magani da ake kawo mana a waya kamar sabon yayi, tsohon zance ne. An yi shekara kusan ashirin ana yin sa a Amurka da Turai. A Amurka kaɗai mata fiye da 30,000 aka yi wa, aka kashe biliyoyin dala, sannan da aka zo aka auna shi da mudun gaskiya sai aka tarar matan da aka yi wa ba su fi waɗanda ba a yi wa ba tsawon rai. Kwana na Allah ne, babu mai ja. Amma magani sababi ne, shi kuwa sababi ana iya auna shi, kuma an auna wannan.

Ni malamin kimiyyar halittu ne a lise, don haka da gona nake fahimtar da ɗalibaina, da ita kuma na fahimtar da ɗan baffana. Sankara ƙwayoyin jikin mutum ne da suka kangare, suna ta hayayyafa ba tsayawa. Shimiyo kuwa guba ce da aka auna, mai kashe duk ƙwayar da ke saurin rabuwa. Damuwar ita ce ba sankara kaɗai ke saurin rabuwa a jiki ba. Tushen gashi ma haka yake, shi ya sa kai ke zubewa. Fatar cikin baki da ta hanji ma haka, shi ya sa ake gyambon baki da zawo. Uwa uba ɓargo, wanda a cikinsa ake ƙera jini: jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, farare masu yaƙi da cuta, da ƙananan da ke sa jini ya daskare in an ji rauni. Ɓargo shi ke yanke wa lokotoro iyaka. Dalilin da ya sa ake ba da shimiyo yau a ce a dawo bayan sati uku ke nan, ana yi wa ɓargo lamuni ya farfaɗo. In aka wuce ƙa'ida, ɓargo ya mutu, mai shi ya bi.

To, sai wasu likitoci suka yi tunanin da kowane manomi zai gane. In ƙuduji ya cinye gonar gero, kana tsoron zuba magani mai ƙarfi kada geron ya tafi tare da shi, me zai hana ka ɗebi iri ka ɓoye a rumbu, ka ƙone gonar ƙurmus, sannan ka dawo ka shuka? Irin a nan su ne uwayen ƙwayoyin jini, waɗanda duk sauran ke fitowa daga gare su. Da farko daga ƙashin ƙugu ake zuƙo su: a sa wa mace maganin barci, a yi ta soka babbar allura ana jawo ɓargo har a tara wajen lita guda. Daga baya aka samu allurar da ke sa ƙwayoyin su fito cikin jini, sai na'ura ta tace su daga hannu ta mayar da sauran jinin. A daskare su cikin sanyin da ya kai digiri 196 ƙasa da sifiri. Sannan a ɗaura wa matar ruwan magani na wajen kwana huɗu, ninkin-ba-ninkin abin da aka saba, a ɗan jira ya fita daga jiki, a narkar da irin a mayar mata ta jijiya kamar ƙarin jini. Masu jinya sun san ranar da warinta, don sinadarin da ake adana ƙwayoyin a ciki yana fita ta numfashi da wari mai kama da na tafarnuwa.

Daga nan sai jira. Kwana goma zuwa sati biyu ko uku mace na kwance a keɓaɓɓen ɗaki ba ta da garkuwar jiki ko ta anini. Baki ya saɓule har yawu ba ya haɗiyuwa, zazzaɓi kaɗan na iya zama ajali, jini na iya ɓallewa ta hanci ko ta ciki. Wasu magungunan suna ƙona huhu, wasu hanta, wasu zuciya. Wadda ta tsallake, yawanci haihuwa ta tsaya mata, wasu kuma bayan shekaru sankarar jini ta same su ta dalilin maganin kansa. A farkon lamarin, cikin mata goma ɗaya ko biyu maganin ne ke kashe su, ba ciwon ba. Da hannu ya faɗa adadin ya sauko ƙasa da kashi 5 cikin 100 a manyan cibiyoyi.

Akwai abin da dillalin can bai rubuta ba, shi ne kuma ginshiƙin zancen: dashen ba ya taɓa sankarar mama ko kaɗan. Aikinsa ceto mai ciwo daga gubar da aka ɗura mata. Duk begen yana kan abu ɗaya, wato a ce ƙarin yawan guba zai ƙarasa ƙwayoyin da awon da aka saba ya bari.

Ba wawaye ba ne suka yi wannan tunani. Emil Frei na cibiyar Dana-Farber da ke Boston yana cikin waɗanda suka nuna wa duniya cewa haɗa magunguna da yawa na warkar da sankarar jini ta yara, ciwon da a da ba a tashi daga gare shi. Shi da almajirinsa William Peters suka fara shirin gwada dabarar a kan sankara mai ƙullutu a 1982. A 1984 wasu likitoci biyu a Kanada suka duba tsofaffin bincike suka ce, ga alama, gwargwadon ƙarfin awo gwargwadon amfani. A 1990 Donnall Thomas ya samu kyautar Nobel saboda dashen ɓargo, wanda ya tabbata yana ceton masu sankarar jini. Har yau kuma dashen magani ne na gaske ga wasu cututtukan jini da na kaluluwa, har da sikila. An fara yi wa mai sikila a Najeriya a birnin Benin tun 2011. Saboda haka iskar duk waje ɗaya take kaɗawa. Sai Peters, wanda ya koma jami'ar Duke, ya fitar da sakamakonsa a 1993. Mata ne da ciwon ya kama musu kaluluwar hammata goma ko fiye, waɗanda aka san yawanci yana dawo musu. Bayan shekara biyu da rabi, kashi 72 cikin 100 suna raye ciwon bai dawo ba. A tsofaffin bincike na mata irinsu, adadin tsakanin 38 ne da 52. Kashi 12 cikin 100 maganin ya kashe, amma wa ke duban wannan ga tazara irin waccan?

Daga nan abin ya fita daga hannun masu bincike ya shiga kotu da majalisa. Kuɗin yi wa mace ɗaya yakan kai dala 80,000 ko ya zarce, kamfanonin inshorar lafiya suka ce ba za su biya abin da ba a tabbatar ba. Wata mata a Kalifoniya mai suna Nelene Fox, uwar 'ya'ya uku, kamfanin Health Net ya ƙi biya mata. Jama'a suka yi karo-karo aka yi mata dashen, ta rasu a 1993 tana da shekara 40. Ɗan'uwanta lauya ne, shi ya tsaya a kotu, a watan Disamba na shekarar masu taya alƙali yanke hukunci suka ci kamfanin tarar dala miliyan 89. Da na kawo nan ɗan baffana ya gyara zama ya ce, "Wannan ɗan halak ne." Na ce ƙwarai, kuma abin da zuciyarka ke gaya maka shi tasa ta gaya masa. Bayan wannan shari'a kamfanoni suka shiga biya don tsoro, wasu jihohi suka kafa dokar tilasta biya, a 1994 gwamnatin tarayya ta sa shi cikin inshorar ma'aikatanta. Asibitoci suka yi ta buɗe sassan dashe, don akwai riba. Duk wannan kuwa ba a riga an yi awon da zai raba gardama ba.

A nan nake son mai karatu ya ɗan tsaya, don nan ne kurar take. Me ya hana kashi 72 da kashi 52 su zama hujja? A ce mai sayar da sabon abincin dabbobi ya shiga kasuwa ya zaɓi raguna ashirin, masu ƙashi, masu lafiyar haƙori, babu mai tari babu mai zawo. Ya yi wata uku yana ba su abincinsa, ranar jajibirin layya ya jera su kusa da sauran ragunan kasuwa ya ce ku dubi aikin abincina. Duk wanda ya taɓa kiwo zai yi dariya, don ya san tun ranar saye aka ci gasar. Haka aka yi a nan, ba da niyyar zamba ba. Ba kowace mace ake ɗauka dashe ba. Sai mai sauran ƙuruciya, mai lafiyar zuciya da huhu da ƙoda, wadda ciwonta ya riga ya nuna yana jin shimiyo. Kafin a karɓe ta kuma ana yi mata hoto daga kai har ƙafa, har ɓargon ana dubawa, duk wadda aka ga ciwon ya ɓuya mata a wani wuri a cire ta daga lissafi. Matan da ke cikin tsofaffin bincike ba a yi musu wannan tankaɗe da rairaya ba.

Likitocin cibiyar MD Anderson da ke Teksas sun nuna girman wannan abu a 1997. Suka ɗauko takardun mata 1,581 masu ciwon da ya bazu, waɗanda duk shimiyo na yau da kullum aka ba su, babu wadda aka yi wa dashe. Suka raba su gida biyu a takarda: waɗanda da sun cika sharuɗɗan dashe, da waɗanda da an mayar da su. Na farko, matsakaicin rayuwarsu wata 30. Na biyu wata 17. Magani iri ɗaya suka sha. Cancantar shiga kaɗai ta ba da tazarar wata 13.

Maganin wannan ruɗu ɗaya ne, ƙuri'a. A tara mata waɗanda duk sun cancanta, kowace a yi mata bayani ta yarda ta sa hannu, sannan kwamfuta ta raba su biyu ba da zaɓin likita ko na mai ciwo ba. Rabi su sha sabon magani, rabi wanda aka saba, a bi su shekaru a ƙirga. Da yake ƙuri'a ba ta san mai ƙarfi ba, ba ta san mai kuɗi ba, duk bambancin da ya fito na maganin ne. An fara irin wannan gwaji a Filadelfiya a ƙarshen 1990, amma sai da aka kai ƙarshen 1997 kafin a tara matan da ake bukata. Dalili a fili yake. Wace mace za ta yarda ƙuri'a ta jefa ta ɓangaren tsohon magani, alhali asibitin da ke gaba zai yi mata sabon kai tsaye, likita kuma ya ce mata shi ne damarta ta ƙarshe? Yarda da maganin ita ta jinkirta gano gaskiyarsa, a tsakanin nan kuwa dubban mata suna shiga ɗakin keɓewa.

A watan Mayu na 1999 likitocin sankara suka yi babban taronsu na shekara a Atlanta, aka gabatar da bincike biyar na ƙuri'a. Huɗu ba su nuna riba ba. Na Filadelfiya, wanda ya shafi irin halin da yayarmu ke ciki, wato ciwon da ya riga ya bazu, an jefa wa mata 199 ƙuri'a: 110 dashe, 89 shimiyo na yau da kullum. Bayan shekara uku, kashi 32 cikin 100 na masu dashe ke raye, na ɗaya ɓangaren kashi 38, tazarar da masu lissafi suka ce ba ta wuce abin da dace kan kawo ba. Shi kansa Peters ya jagoranci gwajin mata 785 masu kaluluwa goma ko fiye. Ciwon ya ɗan rage dawowa ga masu babban awo, amma mata 33 maganin ya kashe a ɓangarensu, a ɗaya ɓangaren ko ɗaya. Abin da aka samu ta ƙofa ya fita ta taga.

Saura na biyar, kuma daga nahiyarmu ya fito. Werner Bezwoda, farfesa a jami'ar Witwatersrand da ke Johanasbag, tun 1995 ya wallafa cewa cikin mata 90 masu ciwon da ya bazu, kashi 51 cikin 100 na masu babban awo ciwon ya ɓace musu a hoto, a ɗaya ɓangaren kashi 4 kacal, kuma tsawon rayuwa ya ninka, sati 90 maimakon 45. Wannan takarda ita ce sandar da masu goyon bayan dashe suka dogara a kai shekara huɗu. A Atlanta ya zo da wani sabon na mata 154, shi ma sakamako kamar a mafarki. Likitocin Amurka suka ce kafin mu kashe kuɗi mu maimaita, bari mu je mu ga takardun da idonmu. Gani ya kori ji. A farkon shekarar 2000 tawaga ƙarƙashin Raymond Weiss ta sauka Johanasbag. Cikin mata 75 da aka ce an ba babban awo, fayil 58 kaɗai aka iya nuna musu. Na ɓangaren da ake kwatantawa da su, ko ɗaya ba a ba su ba. Maganin da ya ce ya ba wannan ɓangare ba shi ya ba su ba. Babu takardar yarda mai sa hannu, kwamitin ɗa'a na jami'ar bai taɓa ba da izini ba. Bezwoda ya rubuta wasiƙa ya amsa cewa ya karya amanar ilimi, jami'a ta kore shi a watan Maris. Da aka koma kan na 1995, fayil 61 aka samu cikin 90, shi ma cike da ɓaraka, a 2001 mujallar ta janye takardar. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan sai da ya ci shekara biyar ana faɗawa.

Abin da ya fi ci mini rai, yawancin matan da aka yi wannan aiki a jikinsu baƙaƙen fata ne talakawa, waɗanda ba a ko nemi sa hannunsu ba. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Kano ba nisa gare ta ba, ba mu kuma manta da gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer a kan yara wajen 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, da shari'ar da ta biyo baya shekara da shekaru. Shi ya sa kalmar gwaji ke sa gaban mutanenmu ya faɗi. Amma a lura da wanda ya tona asirin Bezwoda: masu bincike ne 'yan'uwansa, da suka ce sai mun ƙirga fayil ɗaya bayan ɗaya. Matan Filadelfiya 199 da suka yarda aka jefa musu ƙuri'a da saninsu kuwa, su suka rufe ƙofar da dubbai ke shiga. Ni a ganina abin tsoro shi ne maganin da ake sayarwa ba tare da an gwada shi ba, da gwajin da ake yi a ɓoye.

A 2011 aka tattara dukkan gwaje-gwajen ƙuri'a wuri ɗaya. Na masu ciwon da ya bazu guda 6 ne, mata 866. Babban awo ya jinkirta ci gaban ciwon, wajen wata 11 maimakon 8. Tsawon rai kuwa wajen wata 26 da wata 24, tazarar da ba ta kai a kafa hujja da ita ba. Na waɗanda ciwon bai bazu ba amma yana da haɗarin dawowa guda 15 ne, mata 6,210, nan ma labarin bai canza ba: dawowar ciwo ta ɗan ragu, mutuwa ba ta ragu yadda za a dogara ba. Wannan bambanci tsakanin ƙullutu ya motse da mutum ya daɗe, shi ne abin da ya fi wuyar shiga kai. Hoto zai iya yin kyau wata uku, a yi murna a yi sadaka, alhali 'yan ƙwayoyin da ba sa jin maganin suna nan, kuma ninka musu awo sau biyar bai sa sun ji ba.

Don adalci, akwai 'yar ƙyallin da ta rage. Gwajin ƙasar Holan na mata 885, da aka bi su shekara 20, bai nuna riba ga jimillar matan ba, amma ya nuna alamar riba ga masu kaluluwa goma ko fiye. Holandawan ba su ce a koma yi ba, sai suka sake shirya wata ƙuri'ar ga matan da ciwonsu ke da wani rauni na musamman wajen gyaran ƙwayar gado, waɗanda ake zaton su za su fi amfana. Sakamakon da aka gabatar a 2024 bai nuna babban awon ya fi magungunan zamani ba. Ko a can ɗin ma, ba masu ciwon da ya kai ƙashi ake magana ba.

Abin da ya kawo sauyi na gaske ta wata hanya ya biyo, kuma ba ta ƙarfi ba. An gane cewa sankarar mama ba ciwo ɗaya ba ce. Akwai wadda sinadarin mace na jiki ke ciyarwa, ita ce ta fi yawa a duniya. Wannan ƙwayar tamoksifen da ake sha ɗaya a rana, mai araha, da danginta suna iya riƙe ta watanni ko shekaru. Akwai mai alamar HER2, wato wani sinadari a jikin ƙwayar da ke ingiza ta hayayyafa, wajen ɗaya cikin biyar ko shida, wadda a da ta fi kowace saurin kisa. A 1998, daidai lokacin da ake tsakiyar rububin dashe, Amurka ta amince da maganin tirastuzumab, wanda ake sayarwa da sunan Herceptin. Daga baya da aka haɗa shi da ɗan'uwansa a wani gwajin ƙuri'a, matsakaicin rayuwar masu ciwon da ya bazu ya haura wata 56. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da ba a rasa su ba a 2015, a ƙarshen 2019 kuma ta tantance samfurinsa na farko mai rahusa. Sai ta uku, wadda ba ta da ko ɗaya cikin alamomin, wadda ta fi yawa ga matan Afirka ta Yamma fiye da na Turai. Ita har yanzu shimiyo ne babban makaminta, amma da awon da jiki ke ɗauka. Ba a sanin wace ce wace sai an ɗebi tsokar an yi mata gwaji na musamman a ɗakin bincike. Ciwon da ya kai ƙashi, gaskiya ɗaya ce, ba a cika warkewa daga gare shi ba. Amma ana riƙe shi, ana ƙarfafa ƙashin da allura, ana gasa wurin da ke zugi da haske, ana ba da mofin in zafi ya yi yawa, mace ta ci gaba da zama cikin 'ya'yanta.

Mu kuma tamu matsalar tun kafin a kai nan take farawa. Wani bincike da ya bi mata a ƙasashe biyar na Afirka, aka fitar a 2020, ya nuna rabi ne kaɗai ke raye shekara uku bayan gano ciwon. A Najeriya kashi 36 cikin 100, alhali fararen fatar Namibiya kashi 90. Ba dashe ne ya raba su ba. Zuwa da wuri ne, da samun a gama magani. Kowa a garin nan ya san yadda ake yi: mace ta ji ƙullutu ba ya ciwo ta yi shiru, kunya ta hana ta faɗa, in ta faɗa a ce daji ne ba ya son ƙarfe, a yi shafe-shafe da hayaƙi, wani lokaci har wanzami ya tsaga, sai ya fashe yana wari sannan a nufi likita. Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021 abu uku ya nema: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 tun a mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60, kashi 80 cikin 100 su gama maganinsu. A Nijar an ayyana maganin sankarar mata kyauta tun 2007, Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa da ke Yamai kuma ta fara gasa ciwo da haske a 2021. Sai dai daga Maradi zuwa Yamai fiye da kilomita 600 ne, dokar kyauta ba ta biyan kuɗin mota, ba ta biyan masauki da abincin mai jinya, kuma ba zuwa ɗaya ake yi ba. A nan ne kuɗin fili zai yi aiki, in har sai an sayar.

Na ce wa ɗan baffana ya rubuta wa dillalin tambaya biyu: a wane gwajin ƙuri'a aka nuna wannan magani ya tsawaita ran masu sankarar mama da ta bazu, kuma cikin mata ɗari da asibitin ya yi wa, nawa suka rasu kafin a sallame su? Washegari amsa ta zo da murya, minti huɗu. An yi addu'a, an yi ragin farashi, an ce gurbi ya kusa cika. Tambayoyin ba a taɓa su ba.

Da yamma muka je gidan yayarmu a Bagalam. Tana kishingiɗe a kan katifa a tsakar gida, an tokare mata baya da filo biyu. Na ce, "Yaya, ina takardunki na asibiti?" Ta sa 'yarta ta ɗauko wata baƙar leda daga ƙarƙashin gado, cike da odinansi da hotunan ƙashi da rasit. Na bi su ɗaya-ɗaya har na kai ga takardar gwajin tsokar da aka cire. Ta faɗi sunan ciwon da girmansa da yawan kaluluwar da ya kama, amma babu layin da ya ce yana jin maganin sinadarin mace, babu zancen HER2. Shekara biyu ana yaƙi ba a san da wa ake yi ba. Muka kira lokotoron da ke duba ta, ya ce a kai ta Yamai da takardun duka, a nemi a yi wannan gwajin, a kuma duba ko za a gasa mata ƙashin bayan.

Ranar Litinin kafin kiran asalatu muka kai ta tasha. Ƙanen nata ya sayi kujera biyu don ta samu wurin miƙe ƙafa, ya cusa mata filo a baya, ledar takardun tana kan cinyarta ta riƙe da hannu biyu. Da direba ya tayar da mota ta leƙo ta taga ta ce masa, "Kai, kada ka kuskura ka sayar da gonar Baba ban dawo ba."